Tsohuwar Ma'adana a Sabuwar Kwamfuta: Hanyar Amfani da Ita da Haƙƙin Abin da Ke Cikinta

Zurgu ɗaya ce daga cikin mazaɓu goma na ƙaramar hukumar Rano, kuma mutumin Zurgu, kamar ɗan'uwansa na Lausu ko Saji, ko na Tarai da Durba da ke ƙasar Kibiya, idan buƙata ta taso masa ta buga takardar cinikin gona, ko cike wa ɗansa fom ɗin jarrabawa, ko wanke hoton fasfo, akasari sai ya nufi garin da ya fi kusa da shi, ya shiga ɗaya daga cikin ƙananan shagunan nan masu kwamfuta da injin kwafi, ya miƙa wa saurayin da ke zaune a gabanta takardunsa, ya biya abin da aka yanka masa, ya karɓi aikinsa ya koma gida yana ganin magana ta ƙare. Alhali kuwa wani abu nasa ya saura a shagon, domin sunansa da ranar haihuwarsa da hoton fuskarsa da iyakokin gonarsa sun zauna a cikin wani ɗan ƙarfe da bai fi tafin hannu ba, watau babbar ma'adanar kwamfuta, wadda masu gyara ke kira had-dis, kuma za su ci gaba da zama a can shekara da shekaru, har bayan shi kansa ya manta ya taɓa shiga wurin.

Ita kuwa kwamfuta ƙarfe ce, tana tsufa tana gajiya. Idan ranar ta zo, mai shago, ko malamin makaranta, ko magatakardan ƙungiyar manoma, ya haɗa 'yan kuɗinsa ya shiga Kano, ya bi ta Titin Beirut ko kasuwar Farm Centre ya sayo sabon babban allo, watau madabod, da firosesa da ram da akwatin wuta domin a haɗa masa sabuwa, to tambayar da takan fara fitowa daga bakinsa ita ce: shin zan iya ciro tsohuwar ma'adanata in sa a cikin wannan? Amsar a taƙaice ita ce i, ana iyawa, kuma sau da yawa yin hakan shi ne hikima. Sai dai wannan amsa tana tafe da sharuɗɗa, waɗanda rashin saninsu ya jawo wa mutane da dama asarar abin da kuɗi ba ya mayarwa, kuma bayaninsu shi ne maƙasudin wannan rahoto.

Abin da ya sa maganar ta taso yanzu

Dalilai uku ne suka taru a lokaci guda. Na farko, tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan ta kwamfuta a shekarar 2015, sannan rajistar lambar shaidar ɗan ƙasa da neman gurbin karatu da neman aikin gwamnati suka koma ta intanet, kwamfuta ta daina zama kayan ƙawa na mutanen birni, ta zama abin sana'a da ake ci da iyali da shi har a garuruwan karkara. Na biyu, tun bayan da aka saki farashin naira a watan Yuni na 2023, duk wani kaya da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabo, har ya zama wanda zai haɗa kwamfuta dole ya zauna ya yi lissafin abin da zai saya sabo da abin da zai ci gaba da lallaɓawa. Na uku, kamfanin Microsoft ya daina bai wa jama'a gyare-gyaren tsaro na Windows 10 daga ranar 14 ga Oktoba, 2025, ita kuwa Windows 11, wadda ta fito a watan Oktoba na 2021, ta gindaya sharuɗɗan da mafi yawan tsofaffin injinan da ke shagunanmu ba su cika su ba.

A cikin duk kayan da ke cikin akwatin kwamfuta, ma'adana ce kaɗai ta bambanta da sauran ta fuskar daraja. Idan firosesa ta ƙone, wata irinta za ta yi aikin da take yi ba tare da an ga bambanci ba, haka ram, haka akwatin wuta. Amma ma'adanar da ta yi shekara bakwai a shagon da ke buga wa mutanen gari takardu, babu irinta a kasuwa ko da an zagaya duniya, domin abin da ke cikinta ba a kamfani aka ƙera shi ba: a nan ne za a sami sakamakon ɗaliban Islamiyya na shekaru, da takardun rabon gado, da hotunan biki da suna, da karatun tafsirin malamin gari da aka naɗa a watan azumi, da dubban littattafan manhajar Maktaba Shamila da wani almajirin ilmi ya sha wahala kafin ya tara.

Yadda take aiki

Wanda ya san yadda abu yake aiki ya fi sanin yadda zai kiyaye shi. Kamfanin IBM na Amurka ne ya fara fito da irin wannan ma'adana a shekarar 1956, tana ɗauke da faya-fayai 50, kowanne faɗinsa inci 24, nauyinta ya kai kimanin tan guda, amma duk abin da take iya riƙewa bai wuce haruffa miliyan 5 ba, abin da bai kai hoto biyu na wayar zamanin nan ba. A 1980 kamfanin Seagate ya fito da wadda ta dace da ƙananan kwamfutoci, mai megabait 5. Yau kuwa ana sayar da mai terabait guda a matsayin ƙarama, kuma kamfanoni uku ne kawai suka rage a duniya suna ƙera ta, watau Seagate da Western Digital da Toshiba.

Duk da wannan ci gaba, asalin hikimar ba ta sauya ba. A cikin ƙarfen akwai fai-fai mai santsi da aka shafe da sinadarin maganaɗisu, yana juyawa sau 5,400 ko 7,200 a kowane minti, sannan ga wani siririn hannu da ke kai da komo a kansa, a bakinsa akwai ɗan kan da ke rubutu da karatu, wanda ba ya taɓa fai-fan, sai dai ya yi ta shawagi a bisa iskar da juyawar ta haifar, a tazarar da ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na kaurin gashin mutum ba. Saboda haka ne faɗuwa ɗaya daga kan tebur, ko bugun akwatin kwamfuta da ƙafa alhali tana aiki, ke iya sa kan ya karce fai-fan ya tafi da rubutun da ke wurin. Kuma saboda haka ne ya wajaba a san cewa duk ma'adana mai juyawa tana da ajali, abin da ba a sani ba kawai shi ne ranar.

Akwai kuma sabuwar ma'adana da ake kira SSD, wadda ba ta da fai-fai ko wani abu mai motsi. Mai juyawa takan karanta megabait 100 zuwa 200 a daƙiƙa, SSD ta gama-gari takan kai wajen 550, mai shiga ramin M.2 da ake kira NVMe kuwa takan haura 3,000. Wannan bambanci shi ne ginshiƙin shawarar da za ta zo a gaba.

Kwafi kafin a taɓa sukurudireba

Farkon abin yi, tun kafin a kwance ko da kusa guda, shi ne a kwashe duk abin da ke da muhimmanci a zuba shi a wani wuri dabam, ko a ma'adanar waje mai shiga ta USB, ko a kwamfutar wani amintacce, ko a ma'ajiyar intanet idan abin bai yi yawa ba. Mafi yawan asarar da ake yi a wannan aiki ba lalacewar ƙarfe ke jawo ta ba, kuskuren hannu ne na daƙiƙa guda, kamar mai gyara ya zo ɗora Windows, a nuna masa jerin ma'adanai da ɓangarorinsu da lambobi, ya zaɓi wanda ba shi ba, ya danna gogewa.

Kuma kwafin da ba a duba ba bai zama kwafi ba tukuna. Malaman ƙasar nan na dauri, waɗanda suka cika ɗakunan karatu na Kano da Katsina da Sakkwato da littattafan da aka rubuta da hannu, suna da wata ƙa'ida da ake kira muƙabala: idan marubuci ya gama kwafar littafi, ba a amincewa da shi sai an zauna an gwada shi da asalin, wani na karantawa wani na bi da ido, layi bayan layi, har a tabbata babu abin da ya tsallake. Haka ya kamata mai kwamfuta ya yi. Ya duba adadin fayiloli da nauyinsu a asali da kuma a kwafi ya ga sun yi daidai, sannan ya buɗe wasu daga ciki, tsofaffi da sababbi, ya tabbata suna buɗuwa. Masana harkar adana bayanai suna ba da shawarar a riƙe kwafi uku na duk abu mai daraja, a kan na'ura iri biyu, ɗaya daga ciki kuma ya kasance a wani gida dabam, domin gobara ko ɓarawo ko ruwan da ya faso rufi da damina ba sa zaɓen abin da za su bari.

Gwajin lafiyarta

Bayan kwafi sai gwaji, tun da sai an gwada akan san na ƙwarai. Kowace ma'adana ta zamani tana riƙe da tarihin lafiyarta a cikin kanta, ta wani tsari da ake kira SMART, kuma akwai manhajoji da ke karanto wannan tarihi, irin su CrystalDiskInfo, wadda kyauta ce, da Hard Disk Sentinel da masu gyara da yawa suka saba da ita. Ta farkon takan nuna launi: shuɗi idan lafiya lau, rawaya idan akwai abin tsoro, ja idan ta lalace. Abin da ya fi cancanta a duba shi ne adadin gurabun da suka mutu har ma'adanar ta musanya su da na ajiya, da adadin waɗanda take shakkarsu ba ta yanke hukunci a kansu ba, da kuma jimillar awowin da ta yi tana aiki. Shekara guda awa 8,760 ce, saboda haka wadda ta nuna awa 35,000 ta yi kwatankwacin shekara huɗu tana juyawa dare da rana, ko da mai sayarwa ya rantse cewa jiya ta sauka daga jirgi.

A shekarar 2007 wasu injiniyoyin kamfanin Google sun wallafa sakamakon binciken da suka yi a kan ma'adanai fiye da 100,000 da ke aiki a cibiyoyinsu, kuma abu biyu da suka gano sun shafi mai shago a Rano kamar yadda suka shafi su. Na farko, ma'adanar da ta nuna kuskuren farko a binciken fuskar fai-fanta ta fi wadda ba ta nuna ba haɗarin mutuwa cikin kwana 60 har ninki 39. Na biyu, fiye da kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka mutu ba su ba da wata alama ba ko kaɗan kafin su mutu. Ma'anar haka ita ce, launin rawaya hujja ce isasshiya ta a sallami ma'adana, amma launin shuɗi bai zama lamuni ba. Kunne ma yana da nasa aikin: idan aka ji tana ƙas-ƙas a jere, ko tana tashi tana tsayawa, to a kashe ta nan take, domin kowace juyawa da za ta ƙara tana iya ƙara ɓarna.

Haɗa ta da sabon allo

Ta fuskar wayoyi, lamarin yana da sauƙi. Tun wajen shekarar 2003 aka koma amfani da mahaɗin SATA, mai siririyar wayar bayanai da wata mai ɗan faɗi ta wuta, kuma tsohonsa da sabonsa duk suna shiga juna, haka ma ƙaramar ma'adanar laftof mai inci 2.5 tana shiga wayoyin babbar kwamfuta ba tare da wata dabara ba. Wadda ta girmi wannan zamani, mai faffaɗar waya da fil 40, ba ta da gurbi a sababbin alluna, sai dai a nemo mata mahaɗi na USB a kwashe abin da ke cikinta a bar ta ta huta. Ya kamata kuma a duba littafin da ya zo da allon, domin wasu alluna sukan rufe ɗaya ko biyu daga cikin ramukan SATA da zarar an sa ma'adana a ramin M.2, sai mutum ya yi ta zargin ma'adanarsa alhali ramin ne ba ya aiki. A ɗaure ta da kusoshinta sosai, kada a bar ta tana lilo a cikin akwati.

Inda wuyar take shi ne batun Windows ɗin da ke kanta. Mutane da yawa suna so su ɗauko ma'adanar yadda take, su soka ta a sabon allo, ta tashi kamar ba a yi komai ba, kuma gaskiya ne cewa Windows 10 da 11 sukan yi ƙoƙari su gane sababbin kayan su tashi. Amma wannan hanya tana da ramuka. Tsohuwar Windows tana ɗauke da direbobin tsohon allo, waɗanda kan iya jawo shuɗin allo ko daskarewa. Tsofaffin ma'adanai da yawa an tsara su ne bisa tsarin MBR, wanda ba ya iya sarrafa fiye da terabait 2 kuma ya dace da tsohon BIOS, alhali Windows 11 tana buƙatar magajinsa UEFI da tsarin GPT da kuma guntun tsaro na TPM 2.0. Akwai wata 'yar manhaja a cikin Windows mai suna MBR2GPT da ke juya tsarin ba tare da goge kaya ba, sai dai mai hankali ba zai gwada ta ba sai da kwafi a hannu. Sannan lasisin Windows da ya zo tare da kwamfuta daga kamfani a ɗaure yake da allonta na asali, ba ya bin ma'adana zuwa sabon gida, sai wanda aka saya dabam shi ne ake iya ƙaura da shi.

Saboda haka hanyar da ta fi aminci ita ce a sayi SSD, ko da ƙarama ce mai gigabait 256, a ɗora mata sabuwar Windows da manhajojin aiki, a bar tsohuwar ta zama ta biyu, wurin ajiyar hotuna da bidiyo da takardu, inda rashin saurinta ba ya cutarwa kuma yalwarta ke amfani. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an san inda za a sa ta. Kuma a nan akwai wata ƙa'ida da ƙwararru ba sa wasa da ita: a lokacin ɗora Windows, a cire wayar tsohuwar ma'adanar gaba ɗaya, sai an gama a mayar. Yin haka yana toshe ƙofar goge ta bisa kuskure, yana kuma hana Windows ta ajiye fayilolin tashinta a kan tsohuwar, abin da kan sa ranar da aka cire ta sabuwar ma ta ƙi tashi. Bayan an mayar da ita, a shiga UEFI a tabbata SSD ce a sahun gaba, sannan kafin a buɗe komai a cikinta a bi ta da manhajar kashe bairos, domin kwamfutar da filashin jama'a ke shiga da fita kullum da wuya a same ta babu cuta.

Abubuwan da akan manta

Akwai wasu ƙananan abubuwa da ba a tuna su sai an rasa. Na ɗaya, idan an kulle ma'adanar da BitLocker, kamar yadda laftof da yawa ke zuwa a kulle ba tare da mai su ya sani ba, to a sabuwar kwamfuta za ta nemi mabuɗi mai lamba 48, wanda akasari yana cikin asusun Microsoft na mai ita. In babu shi babu mai gyaran da zai iya buɗe ta, saboda haka a nemo shi a rubuta tun tsohuwar na da rai. Na biyu, manhajoji irin su CorelDRAW da Microsoft Office ba sa ƙaura ta hanyar kwafe foldarsu, sai an sake ɗora su, haka kuma kalmomin sirri da aka ajiye a manhajar shiga intanet ba sa bin kwafi sai an fitar da su ta hanyarsu. Na uku, Windows za ta iya cewa ba ka da izinin buɗe tsohuwar foldarka, wannan kuwa ba alamar lalacewa ba ce, ana warware shi da ikon mai kula da kwamfutar.

Na huɗu ya shafe mu musamman mu masu rubutu da Hausa. Kafin haruffan nan masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ, su samu gindin zama a kowace na'ura, marubuta da maɗaba'u na Kano da kewaye sun dogara ne ga wasu salon haruffa na musamman, mafi shahara a cikinsu su ne Rabi'at da Abdalla, waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙira a shekarun 1990. Takardar da aka buga da su, idan aka buɗe ta a kwamfutar da ba ta da su, sai haruffan su rikiɗe su koma wasu baƙaƙe ko alamomi, rubutun ya zama da wuyar karantawa. Wanda ke da tsofaffin rubuce-rubuce, ko kundin digiri, ko takardun makaranta na wancan lokaci, ya shiga foldar haruffa ta tsohuwar Windows ya kwaso su kafin ya yi mata fomat.

Ta gwanjo, da sirrin bayin Allah

Wani lokaci tsohuwar ma'adanar ba ta mai kwamfutar ba ce, ta hannu ce da ya saya a kasuwa, kuma mafi yawan irinta ta Legas suke biyowa, daga kasuwar kwamfuta ta Ikeja ko ta Alaba, kafin su iso Kano. A shekarar 2005 ƙungiyar Basel Action Network ta ruwaito cewa kimanin kwantena 500 na tsofaffin kayan kwamfuta ke sauka a tashar jirgin ruwa ta Legas kowane wata, kuma kaso mai yawa daga ciki ba ya gyaruwa. A 2006 wani shirin BBC ya nuna yadda ake samun bayanan asusun banki na mutanen Ingila a cikin ma'adanan da ake sayarwa a Legas. A 2009 ɗaliban aikin jarida na Jami'ar British Columbia ta Kanada sun sayi wata a kasuwa a ƙasar Gana a kan dala 40, suka tarar da takardun kwangilolin tsaro na gwamnatin Amurka na kamfanin Northrop Grumman a cikinta. Tun kafin nan, a 2003, wasu masu bincike biyu na jami'ar MIT, Simson Garfinkel da Abhi Shelat, sun wallafa cewa sun sayi tsofaffin ma'adanai 158, suka sami 12 kacal da aka goge yadda ya kamata, suka kuma tono lambobin katin banki fiye da 5,000 daga sauran.

Sababin haka shi ne, share fayil ko yin fomat na gaggawa ba ya goge rubutun da ke kan fai-fai, jerin sunayen kawai yake cirewa, kuma manhajar dawo da fayiloli ta kyauta tana iya maido da su. Gogewa ta haƙiƙa ita ce a rubuta sifiri a kan kowane gurbi daga farko har ƙarshe, kuma cikakken fomat na Windows, tun daga zamanin Vista, yana yin hakan idan aka cire alamar gaggawa, ko da zai ɗauki awowi. SSD tana da nata umarnin gogewa a manhajar kamfanin da ya ƙera ta. Mai juyawar da ta mutu har ba ta goguwa, a buɗe ta a farfasa fai-fan kafin a ba 'yan gwangwan.

Shari'a ba ta bar wannan fage babu hukunci ba, ko da yake malaman da suka rubuta littattafanmu ba su ga kwamfuta ba. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ko Muhtasar na Halil a zaure ya wuce ta kan babin wadi'a, watau ajiya, da babin tsintuwa, ya kuma san cewa wanda aka ba ajiya ba ya lamunin abin da ya salwanta sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Takardun da mutanen gari suka bari a kwamfutar shago ajiya ce, kuma sayar da ma'adanar ba a goge ba, ko miƙa ta ga mai gyara ba tare da kula ba, sakaci ne a fili. Shi kuma mai gyaran da ya buɗe hotunan iyalin mutum domin kallo ya faɗa cikin tajassusin da aka hana, haka wanda ya sayi ta gwanjo ya tarar da sirrin wani a ciki, ƙarfen ya saya, sirrin bai shiga cinikin ba, abin da ya hau kansa shi ne ya goge ba tare da ya bincika ba. Mai sayarwa kuma da ya san ma'adana ta nuna rawaya ya ɓoye, ya yi algus, kuma mai saye yana da haƙƙin mayar da kaya saboda aibi. Dokar ƙasa ma ta zo ta ƙarfafa wannan, domin Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023 ta ɗora wa duk mai tattara bayanan mutane nauyin kiyaye su.

Bayan an gama haɗawa

Ma'adanar da ta tsallake duk waɗannan matakai tana iya ƙara shekaru tana hidima, in an kiyaye ta daga maƙiyanta na ƙasarmu. Ɗaukewar wuta ba zato, da hawa da saukar wutar janareta, suna iya katse ta tana tsakiyar rubutu, saboda haka ƙaramin UPS, ko inbata mai batir ga masu sola, yana cikin kayan da ba a kamata a yi musu ƙwauro ba. Zafin bazara, da kan haura digiri 40 a watan Afrilu, yana buƙatar a sa fanka a gaban inda take, a kuma nisanta akwatin daga bango. Ƙurar hunturu takan toshe hanyoyin iska, sai a riƙa buɗe akwatin ana hure shi, a ɗora shi a kan tebur maimakon ƙasa. Kuma a mayar da duba lafiyarta al'ada, ko da sau ɗaya a wata, tare da sabunta kwafin waje a rana ɗaya, tun da ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ya rage shi ne kira ga waɗanda ke da ikon yaɗa wannan ilmi: masu koyar da kwamfuta a makarantun Rano da Kibiya, da iyayen gidan da ke yaye yara a shagunan gyara, da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwar kayan kwamfuta a Kano. Yaron da aka koya wa ɗora Windows cikin rabin awa, a koya masa tare da haka cewa ba ya taɓa ma'adanar mutum sai ya tambaye shi ko yana da kwafi, ba ya buɗe abin da ba a sa shi ba, ba ya sayar da wadda bai goge ba, ba ya ɓoye launin da gwaji ya nuna masa. Waɗannan ladubba huɗu ba sa cin ko kwabo, kuma da su ne manomin da ya kawo takardar gonarsa, da uwar da ta kawo hoton 'yarta, za su iya miƙa abinsu ga wannan sana'a hankalinsu a kwance. Allah ya ba mu ikon riƙon amana.